Uwar Shaihu Umar: Haƙuri Ta Yi Ko Jarumta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya faru a ajina yau da ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi nan. Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a cikin birni. Mun gama karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai na ce kowace ɗaliba ta rubuta min kalma ɗaya tak da ta dace da mahaifiyar Umar. Ga wanda ya manta labarin: matar nan an kori mijinta Makau daga gari saboda sharrin fadawa, aka sace mata ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa har Kano, aka yaudare ta aka tsallaka Sahara da ita a matsayin baiwa, ba ta fasa nemansa ba sai da ta gan shi da idonta, sannan rai ya yi halinsa. Da takardu suka dawo, kusan duka abu ɗaya ne: haƙuri, mai haƙuri, haƙuri. Yarinya ɗaya ce ta rubuta "taurin kai", aji ya fashe da dariya.

Sai na ce to Alhaji Imam na Ruwan Bagaja fa, wanda shi ma ya bar gida ya shiga uwa duniya neman abu? Ban rufe baki ba suka ce jarumi, mai wayo, namijin duniya. Na ce su biyun nan duka tafiya suka yi, ita ma wuyar da ta sha ta fi tasa, ya aka yi shi ya zama jarumi ita ta zama mai haƙuri? Shiru kamar ruwa ya cinye su.

Abin da nake tambaya: littattafan nan namu na da ne suka koya mana kallon mace a haka, ko mu ne muke zuwa da mudunmu daga gida mu auna su da shi?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin a yi nisa, a gaishe min da mai taurin kai, tana da littafi ɗaya kyauta a shagona. Ita kaɗai ta karanta littafin. Sauran fuskar Malama suka karanta.

Baba Hedimasta:
'Yata, na ji tambayarki, amma ina ganin kin ɗan matsa wa yaran nan. Tun yaushe haƙuri ya zama ƙaramar kalma a bakin Bahaushe? Mu da muka taso, in an ce wane mai haƙuri ne, an gama yabonsa. Mahaƙurci mawadaci. Shi kansa Umar ba takobi ya ɗauka ba, haƙuri da karatu ne suka mai da shi Shaihu. Makau ma da aka yi masa ƙage haƙura ya yi ya bar gari. In an yabi namiji da haƙuri a littafin, don me zai zama tawaya in an yabi mace da shi?

Kuma a tuna yadda littattafan suka samu. A 1933 ne hukumar fassara ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. A nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Abin da yara za su karanta a makaranta ake nema. Ba wanda ya zauna ya ce yau bari mu danne mata.

Ummi BUK:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai ka ba mu hujjar da hannunka. A cikin sunayen da ka lissafa babu mace ko ɗaya. Waɗanda za su karanta ma kusan duk maza ne, don makarantun boko na 'yan mata a Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su, su ma 'yan tsiraru ne a ciki. Namiji ya rubuta, namiji ya tace, namiji ya karanta. Ba sai an yi niyyar danne kowa ba, shi ke nan an riga an manta da shi.

Dubi Jiki Magayi. Duk rigimar a kan Zainab ta tashi. Abubakar na sonta, attajiri Malam Shaihu ya shigo tsakani ya aure ta, Abubakar ya bazama neman abin ramuwa, masifar ta sauka a kan ɗan da ta haifa, Kyauta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ko sauya ra'ayin da ta yi ta koma wa mai kuɗi ba nata ba ne, asiri aka yi mata. Wato ko laifin ma ba a yarda ta yi shi da hankalinta ba.

Maganar haƙuri kuma, Baba, ba iri ɗaya ba ne. Na Umar ya kai shi kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, shi ke ba da labari da bakinsa. Na uwarsa kabari ya kai ta, kuma labarin nata ma daga bakinsa muka ji.

Baba Hedimasta:
Ummi, kabari ai kowa can za shi. Amma na ji ki. Ni dai abin da na sani, duk shekarun da na yi ina karantar da littafin nan, wurin rasuwar uwar ne yara maza ke sunkuyar da kai. Marubucin bai raina ta ba.

Sadiq Hotoro:
Ga shi nan an fara. Duk lokacin da aka kawo irin wannan magana na san inda za a. Yau a ce littafin Tafawa Ɓalewa ya danne mata, gobe a ce biyayyar aure bauta ce, jibi a ce a cire hijabi. Aƙidar Turawa ce ake shigo mana da ita ta bayan gida. Iyayenmu mata sun zauna lafiya a ɗakunansu sun haife mu, ba wadda ta ce an tauye ta. Darajar mace ɗakin mijinta, ko an so ko an ƙi.

Shugabar Zaure:
Sadiq, a yi magana kan abin da aka faɗa, ba wanda ake tsammanin za a faɗa jibi ba. Ba wanda ya ambaci hijabi. A ci gaba cikin mutunci.

Malam Na Madabo:
Bismillah. Ɗana Sadiq, ina tare da kai wajen kishin addini, amma a nan ka yi gaggawa. Tun kafin Bature ya shigo ƙasar nan, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a Nurul Albabi kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna koyar da ɗalibai a waje. Wannan ba daga Ingila ya zo ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, tsofaffin mata amintattu, ta ɗora musu malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta. To in ana maganar adabin da, Malama Maman Ilham, me ya sa kullum daga 1933 ake farawa? Akwai mace da ta riga su duka riƙe alƙalami da shekaru masu yawa. Yaranki sun san ta a darasin tarihi, amma baiti nawa nata suka taɓa karantawa a darasin Hausa?

Abu na biyu, tunda an taɓo yadda ake siffanta mata. Mutane na yawan cewa ai Alƙur'ani ya ce kaidin mata mai girma ne, su rufe bakin kowa da shi. A koma Suratu Yusuf a duba wa ya faɗi maganar. Azizu Misra ne yake faɗa wa matarsa bayan an ga rigar ta yage ta baya. A surar kuma 'yan'uwan Annabi Yusuf, maza ne, su suka ƙulla makircin jefa shi a rijiya. Ban taɓa jin wani ya hau mumbari ya ce maza dangin makirci ne saboda haka ba. Allah ya sa mu gane.

Ummi BUK:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta kaidi sai na ajiye ta. Don dama ɗakuna biyu aka gina mana a tsofaffin labarai: ko ki zama baiwar Allah mai haƙuri, ko ki zama makira. Kalalatu ta Magana Jari Ce ba ga ta nan ba, ta cinye kajin baƙo, ta ce wa baƙon mijinta kunnuwansa zai yanke, ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. In mace ta yi wayo sunansa makirci, in Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe irinsa sunansa dabara.

Hajiya Ta Yakasai:
Ni jikata ce ke rubuta min, ina faɗa tana dannawa, in an ga kuskure nata ne.

Ku duka kuna ta maganar littafi. Ni sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga yaƙi da jahilci, amma abin da ake so mace ta zama na haddace shi tun ban kai shekara bakwai ba, kuma ba namiji ne ya koya min ba. Kakata ce, a tsakar gida, bayan sallar isha, muna kwance kan tabarma. Ga ta nan ga ta nanku.

Malama, kin san Ruwan Bagaja tatsuniya ce tun kafin ta zama sunan littafi? Kuma a tatsuniyar ba namiji ne ya tafi ba, yarinya ce, 'yar bora. Yadda kakata ke ba mu, an laƙa mata laifin ɓata ƙirgi, aka ce ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja. Ta kama hanya ita kaɗai, tana wuce koguna tana tambaya. Ta tarar da cinya da kare a bukka, ta gaishe su da ladabi, ba ta yi dariya ba, ba ta ce wannan wane irin abu ne ba. Abin da aka ba ta ta dafa ta dafa, ƙwan da aka ce ta zaɓa ta ɗauki ƙarami. Ta dawo gida da dukiya da dawakai. 'Yar mowa ta ce ita ma sai ta je. Ita kuwa mai baki ce, komai ta gani sai ta tanka, ta zaɓi babban ƙwai, ta dawo da kutare da makafi.

To kin ga karatun da aka yi mana. Yarinya za ta iya shiga daji ita kaɗai, ba a ce ba za ta iya ba. Amma ladarta na wurin rufe baki da ɗaukar ƙarami. Da labarin ya koma hannun maza ya shiga littafi, mai tafiyar ya zama namiji, shi kuma da baki da wayo ya ci nasa rabon. Ba wanda ya ce masa ya ɗauki ƙaramin ƙwai.

Ni kuma ban ga laifin kakata ba, Allah ya jiƙanta. Ta san gidan da za a kai ni: uwar miji na nan, kishiya na nan, dangin miji na nan, ni ina 'yar shekara goma sha huɗu. Makamin da take da shi ta ba ni. Ranar da za a kai ni ɗaki ma abin da kowace gwaggo ta faɗa kenan, yi na yi, bari na bari, a yi haƙuri. Na yi kuwa. Amma ni na san abin da na haɗiye.

Kalalatu kuwa, Ummi, ki bar min ita. Jikata ta karanta min, na yi dariya har da hawaye. Mace ta wuni a bakin murhu tana soya kaji, a ce na baƙo ne, ita ko ƙashi?

Maman Ilham:
Hajiya, wallahi kin ba ni kunya a sana'ata. Na san tatsuniyar, na san littafin, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ban taɓa ajiye su gefe da gefe ba. Yaran nan ashe ba fuskata suka karanta ba kamar yadda Ɗan Kurmi ya ce, amsar 'yar bora suka ba ni. Ita kuma mai taurin kai ta yi irin ta 'yar mowa, ta tanka, aka yi mata dariya.

Baba Hedimasta:
Hajiya, ina gaisuwa. Sai dai a ƙara da cewa tatsuniya ba ta bar maza haka ba. Gizo fa? Maƙaryaci, makwaɗaici, malalaci, Ƙoƙi ce mai hankalin gidan. Ni na daɗe ina zargin tsofaffin nan da mazajensu suke, suka fake da Gizo.

Hajiya Ta Yakasai:
Sai yau ka gane, Malam?

Anti Rabi Gyaɗi-Gyaɗi:
Na makara, ina makarantar yamma. Ni adabin Turanci nake koyarwa, don haka bari in ɗan leƙa da ku waje, musamman saboda Sadiq da yake ganin su can a sake suke tun fil'azal.

Shahararren littafin marubuciyar Ingila Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, a kan me yake? Mutum ne da 'ya'ya mata biyar, ba namiji, kuma bisa ƙa'idar gadon gidan, in ya mutu wani ɗan'uwansa namiji ne zai gaje gida da gona, matar da 'ya'yan su san inda dare ya yi musu. Shi ya sa uwar ba ta da zance sai na aurar da su. Masu karatu na yi mata dariya, ana ganinta mai rawar kai. Ni kuwa duk lokacin da na karanta sai in ga wata maƙwabciyarmu mai 'yan mata shida da take kasa barci in an yi bikin 'yar wani. Tsoro ne, ba rawar kai ba. Ita kanta Austen ba ta sa sunanta a littattafanta ba tana raye, na farkon cewa kawai aka yi wata mace ce ta rubuta. Marubuta mata 'yan gidan Brontë su uku da sunayen da za a ɗauka na maza ne suka fara fitowa. Mary Ann Evans har yau da sunan namiji, George Eliot, duniya ta san ta. Matar aure a Ingila ba ta sami cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai da dokar 1882.

Nan kusa da mu kuma akwai Mariama Bâ ta Senegal, littafinta na 1979. Musulma ce ta rubuta a kan Musulma, malamar makaranta da mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya watsar da ita da 'ya'ya goma sha biyu, tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta wasiƙa. In na karanta wa ɗalibaina ba sa ganin baƙon abu, sai dai su ce Anti wannan ai a layinmu aka yi.

Sadiq Hotoro:
To Anti ai kin taya ni. Su sai 1882, mu Musulunci ya ba mace gado da sadaki da ikon dukiyarta tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Me kuma ake nema?

Hajiya Ta Yakasai:
Ɗan nan, Musulunci ya ba ni, gaskiya ne. Gonar ubanmu kuma tana hannun yayyena maza shekara talatin, in na yi magana a ce Hajiya ke da kike gidan miji me za ki yi da gona, ki yi haƙuri kar a ɓata zumunci. Ka ji inda kalmar take aiki. Da alkaki da dubulan da nake yi a cikin kulle, yara na kai wa masu biki, na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Wannan ba a littafin kowa na gan shi ba. Barmani Choge ce kaɗai nake ji tana buga ƙwarya tana ce mana mu kama sana'a.

Baba Hedimasta:
Tunda an ambaci kulle, Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi da ya kafa Kasuwar Kurmi. Wato abu ne da yake da ranar farawa, kuma daga fada ya gangaro. Littafin nan dai shi ya ambaci Madaki Auwa, matar Rumfa, da ƙarfin faɗa-a-jinta a gidan sarautar, ya ambaci Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta. Wannan don ilimi kawai na faɗa, ba na goyon bayan kowa.

Marubuciya 'Yar Dala:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, don maganar ta zo kan sana'ata.

Za a ɗauka da mata suka karɓi alƙalami komai ya canza. Wani abu ya canza. Hafsat Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya, Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila, ta shiga tsakar gida ta faɗi abin da ake rufewa: auren dole, saki ba dalili, mijin da ke ciyar da waje ya bar gida da yunwa. Bilkisu Funtuwa ta kawo mata masu karatu masu aiki. Me aka kira abin? Adabin Kasuwar Kano, littattafan soyayya, masu ɓata tarbiyya. A 2007 har ƙona irinsu aka yi a wata makarantar 'yan mata a garin nan. Namiji ya rubuta yaƙi da aljanu ya zama adabi, mace ta rubuta abin da ke faruwa a ɗakinta ya zama kayan kasuwa.

Amma bari in faɗi wadda ba za ta yi wa 'yan'uwana mata daɗi ba. Yanzu a waya nake sakin labari, shafi-shafi, masu karatuna kusan duka mata ne. Bara na rubuta wata da mijinta ke dukanta, a tsakiyar labari ta tattara 'ya'yanta ta koma gidansu, ta kai ƙara aka raba auren, ta kama ɗinki, ba ta koma ba. Wallahi ban taɓa shan zagi irin na lokacin ba, kuma ba daga maza ba. Wata ta ce na koya wa yara fitsara. Wata ta ce ai da kin sa ta yi haƙuri, shi ya yi hatsari ya karye, ta yi jinyarsa, ya gane kurensa ya nemi gafara. Abin da suke so kenan: ta sha wuya shafi ɗari biyu, a shafin ƙarshe a saya mata mota a kai ta Umara. Kuma dole ta kasance fara, doguwa, mai gashi har gadon baya, ta iya girki, ba ta ɗaga murya. Kishiyar ita ce baƙa mai bin bokaye. 'Yar bora ce da 'yar mowa, Hajiya, sai dai yanzu suna da wayar hannu.

Na gaya muku gaskiya, labarin da na sa a gaba na mai da jarumar mai haƙuri. Ina da kuɗin makarantar yara a kaina.

Ɗan Kurmi:
Wannan ni shaida ne. Shekara ashirin da wani abu ina sai da littafi, matan aure ne kasuwata, yara suke aikowa ko a ba da haya. Abin da ake fara tambaya shi ne, ya ƙare da daɗi? In na ce ta rabu da shi, sai a ce a canza min wani. Amma kuma na lura da abu ɗaya: irin waɗancan da ake zagi su suka fi dawowa a yage, sun zaga gida goma.

Sadiq Hotoro:
Ni fa ban ce a doki mace ba, kar a juya min magana. Ƙanwata ma da aka yi mata haka ni na je na ɗauko ta da kaina. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari yarinya na ganin haƙuri abin kunya ne, kowane ɗan saɓani ta haɗa kaya. Zawarawa sun yi yawa a garin nan.

Ummi BUK:
Yaya Sadiq, kowace bazawara akwai wanda ya rubuta mata takarda. Shi wa yake ba shi tatsuniyar haƙuri yana yaro? Amma na ji daɗi da ka ɗauko ƙanwarka, Allah ya saka.

Malam Na Madabo:
Haƙurin da shari'a ta yaba shi ne dauriya a kan gaskiya, ba zama a ƙarƙashin zalunci ba. Nana Hajara da ƙishirwa ta kama ɗanta ba zama ta yi ba, kai-kawo ta yi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, kuma har gobe duk alhaji, namiji da mace, sai ya bi sawunta. Ina ganin mahaifiyar Umar a wannan layin take.

Baba Hedimasta:
Zan faɗi wani abu in tafi masallaci. Tun ɗazu nake karanta wa maiɗakina muhawarar nan, tana tsintar shinkafa tana ji. Da na zo kan maganata ta farko sai ta ce, Malam ka tuna ciwon Babangida? Na ce na tuna. Lokacin muna wani ƙauye ta wajen Gwarzo, ni an tura ni kwas Zariya, yaron yana wata tara ya kama amai da gudawa cikin dare, ga damina. Ta goya shi ta taka ƙafa zuwa bakin titi, ta sami motar ɗaukar kaya ta hau baya, ta kawo shi asibiti a Kano, ta sai da 'yan kunnenta ta sayi magani. Babangidan nan shi ne yanzu yake da 'ya'ya biyar.

Shekara arba'in ina ba da labarin nan a gaban baƙi, kullum da abin da nake rufewa shi ne, ai Hajiya mace ce mai haƙuri. Yau ta ajiye faranti ta ce, Malam, ni fa ba haƙuri na yi ba. Masu haƙuri su ne suka ce in jira gari ya waye a aika maka. Fita na yi ba da izininka ba, kuma babarka ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Ban san da maganar wata gudan nan ba sai yau.

Hajiya Ta Yakasai:
A gaishe min da ita da kyau. Ka ce mata in ta shigo gari ta biyo Yakasai, akwai alkakinta.

Maman Ilham:
Baba, don Allah ka ba ni izini in karanta wa 'yan ajina wannan ranar Litinin, ba zan faɗi suna ba. So nake in sake ba su takarda su rubuta kalma ɗaya.

Baba Hedimasta:
'Yata, ba nawa ba ne. Bari in dawo daga masallaci in tambaye ta.